Rijiyar Tarayya a Arewacin Kamaru: Yadda Mai Gida Zai Tsare Haƙƙinsa na Ruwa

A wata unguwa ta Marwa na taɓa halartar zaman sulhu a zauren lawan, a kan wata rijiya da ta girmi yawancin waɗanda suka zo zaman. Iyayen gidaje biyu ne suka haɗa kuɗi suka gina ta a kan iyaka, bakinta ya ɗan fi shiga gidan gabas, aka bar wata 'yar ƙofa a jikin katanga wadda matan gidan yamma ke bi da gugansu ba tare da sun fita titi ba. Da mai gidan gabas ya rasu, magada suka sayar da gidan, wanda ya saya kuma bai cika wata guda ba ya kawo magina suka toshe ƙofar da bulo. Dattijon gidan yamma ya ce wa lawan, "Ranka ya daɗe, shekara 40 muna shan ruwan nan, kuma da gumin mahaifina aka gina ta." Sabon mai gida ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ban ƙaryata ka ba, amma ni gida na saya, takardar da aka ba ni kuwa ba ta ambaci kowa a kan rijiyar ba." Lawan ya sasanta su a kan cewa za a riƙa shiga ta zaure safe da yamma, kowa ya tashi yana godiya, amma duk mai hankali a wurin ya gane cewa abin da gidan yamma ya tashi da shi alfarma ce, ba haƙƙi ba.

Izinin baki yana tafiya ne tare da bakin da ya ba da shi. Mutuwa, ko rabon gado, ko cinikin gida, kowanne yana iya share shi a rana ɗaya, don haka mai gidan da ke shan ruwa tare da maƙwabci yana bukatar ya ɗaure haƙƙin a jikin fili, ba a jikin mutum ba.

Wa ke da ruwan da ke ƙarƙashin gidanka

Dokar ruwa ta Kamaru, mai lamba 98/005 ta ranar 14 ga Afrilu 1998, ta ɗauki ruwa a matsayin dukiyar ƙasa baki ɗaya, wadda gwamnati ke da alhakin karewa da tafiyarwa da sauƙaƙa wa kowa samunta. Abin da wannan ke nufi ga mai gida shi ne ginin rijiyar nasa ne, haka zoben siminti da famfo da tanki, amma ruwan da ke kwance a ƙarƙashin ƙasa bai mallake shi yadda ya mallaki katangarsa ba. Yana da damar ɗiba domin sha da girki da wanka da shayar da 'yan dabbobinsa. Da zarar ɗibar ta koma ta kasuwanci ko ta masana'anta, dokar ta wajabta neman izini tun kafin a fara, tare da biyan kuɗin ɗibar ruwa, kuma Ma'aikatar Ruwa da Makamashi ce ke da hurumin wannan, tana da ofisoshi a Marwa da Garwa da Ngawundare. Wanda ya haƙa burtsatse, wadda a nan muka fi sani da foraj, ya ɗora tanki yana sayar wa 'yan garuwa jarka-jarka, to ya sani ya shiga kasuwanci ko da a ƙofar gidansa yake yi. Dokar ta kuma ɗora wa duk mai ba jama'a ruwan sha, da kuɗi ko kyauta, nauyin tabbatar da cewa ruwan yana da kyau, ta hana zuba ƙazantar da za ta gurɓata ruwan sama da na ƙasa.

Shari'ar Musulunci, wadda ita ce mutanenmu ke fara tambaya kafin su tambayi lauya, tana da nata tsarin, kuma tsari ne mai zurfi. Hadisi ya zo da cewa mutane abokan tarayya ne a cikin abu uku, ruwa da ciyawa da wuta, wani kuma ya hana a riƙe rarar ruwa domin a hana makiyayi kaiwa ga ciyawa. Sai dai malaman Malikiyya sun rarrabe. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a kusan kowane zaure, an bayyana cewa masu rijiyar dabbobi da aka gina a daji su ne kan gaba har su gama shayarwa, daga nan sauran jama'a su zama daidai a cikinta. Wanda kuwa rijiyarsa ke cikin filin da ya mallaka yana da ikon hanawa, sai fa idan rijiyar maƙwabcinsa ta rushe alhali yana da shukar da ake tsoron ta mutu, a nan bai kamata ya hana shi rara ba. Saboda haka wanda ke cewa addini ya ba shi damar shiga gidan kowa ya ɗebi ruwa ya yi wa hukuncin gurguwar fahimta, haka ma wanda ke ganin mai ƙishirwa a ƙofarsa ya rufe.

Dalilin da daɗewa ba ta ba da haƙƙi

Nan ne mutane da yawa ke faɗawa rami, don haka zan ɗan tsaya. A yankunan Kamaru masu amfani da Faransanci, ciki har da Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa, kotunan zamani suna aiki da kundin dokar mu'amala da aka gada daga Faransa. Kundin ya san wani abu da lauyoyi ke kira serbitid, wato nauyin da aka ɗora wa wani fili domin amfanin wani filin da ke hannun mutum dabam. Haƙƙin ɗibar ruwa a rijiyar maƙwabci yana daga cikin irin waɗannan, amma an sa shi a rukunin waɗanda ba sa gudana da kansu, domin sai mutum ya tashi ya je ya jefa guga. Sashe na 691 ya ce irin wannan haƙƙi ba ya kafuwa sai da takarda, kuma daɗewa ana yi, ko da tun kaka da kakanni ne, ba ta isa ta kafa shi ba. Da dattijon nan na Marwa ya tsaya a gaban alƙalin kotu da hujjar shekara 40 kaɗai, da ya sha wuya, sai dai ko ya iya kawo shaidar cewa mahaifinsa abokin tarayya ne a ginin rijiyar, abin da ke da wuyar tabbatarwa bayan duk waɗanda suka gani da ido sun kwanta dama.

Idan kuwa an rubuta, dokar tana tsayawa wa mai haƙƙi sosai. Sashe na 696 ya ce wanda aka ba haƙƙin ɗibar ruwa a wurin wani, an ba shi hanyar zuwa wurin ke nan, don haka ba za a ce masa rijiya ta bayar guga ya hana ba. Mai filin da rijiyar ke ciki ba shi da ikon yin abin da zai rage amfanin ko ya wahalar da shi, shi ma mai ɗiba ba shi da ikon ƙara wa filin nauyin da ba a yi da shi ba, kamar wanda aka ba ruwan gida ya koma cika kurar 'yan garuwa ko buga bulon sayarwa. Ayyukan da mai ɗiba ke bukata domin cin moriyar haƙƙinsa shi ne zai biya, sai idan takardar ta faɗi akasin haka. Haƙƙin yana bin filin duk hannun da ya shiga, amma yana mutuwa idan aka shekara 30 ba a yi amfani da shi ba.

Wace irin takarda ce ke da wannan ƙarfi? Dokar filaye mai lamba 74-1 ta ranar 6 ga Yuli 1974 ta ce duk yarjejeniyar da ke kafa haƙƙi a jikin fili, ko ta mayar da shi hannun wani, ko ta soke shi, dole a yi ta a gaban noter, wato ma'aikacin shari'ar da ke rubuta yarjejeniyoyi a hukumance, in ba haka ba ɓatacciya ce. Idan gidajen biyu suna da titir fonsiye, wato takardar mallaka ta gwamnati, hanyar a bayyane take: ku je wurin noter tare, ya rubuta yarjejeniyar, a kai ta ofishin rajistar filaye a shigar da ita a littafin da titir ɗin yake, domin duk wanda ya zo sayen gidan nan gaba ya tarar da ita. Kuɗin noter yana da ɗan ciwo, amma bai kai kuɗin haƙa sabuwar rijiya ba, balle na zaryar kotu.

Gaskiyar magana ita ce gidaje masu yawa a tsofaffin unguwanninmu da ƙauyuka ba su da titir, takardar lawan ko ta jauro, wato mai unguwa, ita ce kawai a hannun mutane. Irin wannan fili a idon doka yana cikin filayen ƙasa ne da gwamnati ke kula da su, mazauninsa yana da damar ci gaba da zama da neman titir, amma ba za a iya yi wa yarjejeniyar rijiya rajista a kansa ba. Duk da haka a rubuta. Takardar da ɓangarori biyu suka sa wa hannu a gaban lawan da limami da shaidu tana zama hujja tsakaninsu da magadansu, kuma ita ce abu na farko da mai sulhu zai nema. A zaɓi shaidu har da matasa, domin shaidun da duk suka haura shekara 70 ba za su daɗe suna shaida ba. A kuma sa sharaɗin cewa ranar da ɗayan gidajen ya sami titir, za a koma wurin noter a sabunta.

Abin da za a rubuta

A fara da wurin rijiyar, a auna da mita daga kusurwar katanga, a faɗi filin wa take ciki, da wa ya biya nawa wajen gini. Idan kan iyaka take kuma ta tarayya ce, a faɗi rabon kowa a fili, rabi da rabi ko kashi biyu da kashi ɗaya. Sannan a ambaci gidajen da ke da haƙƙi da sunan gida da iyakokinsa, ba da sunan mai gida kaɗai ba, a kuma yanke hukunci tun yanzu a kan 'yan haya da kuma abin da zai faru idan magada suka tsaga gida ɗaya ya zama huɗu.

Hanya tana bukatar layinta na musamman, kuma a ganina ita ce ta fi kowane sharaɗi haddasa rigima a garuruwanmu, saboda rijiya a tsakar gida take, tsakar gida kuwa wurin mata ne. Mai gidan da ya yarda matan maƙwabta su shigo ba lalle ne ya yarda samarinsu su shigo ba. A rubuta ta ina za a bi, faɗin hanyar nawa ne, daga wane lokaci zuwa wane lokaci, da wa zai riƙe mabuɗi. Mafita mafi sauƙi ga mai foraj ita ce a ja bututu ta cikin katanga a kafa kan famfo a ɓangaren maƙwabci ko a waje, kowa ya ɗiba ba tare da ya leƙa gidan wani ba. In an yi haka, a rubuta cewa bututun yana da haƙƙin zama a inda ya bi.

Sai kuɗi. Rijiyar guga ba ta cin komai sai yasa da gyaran baki, amma foraj tana da ciki: famfon tuƙa-tuƙa irin su India Mark II ko Vergnet yana bukatar sauyin kayan ciki, injin da ke nutse a ruwa yana ƙonewa, farantan hasken rana suna bukatar tsaro, kuɗin wuta kuma yana zuwa kowane wata. Raba daidai tsakanin gidaje yana da sauƙin lissafi, amma gida mai mutum 6 ba zai daɗe yana biyan daidai da gida mai mutum 25 da shanu ba tare da ƙorafi ba. Ko dai a raba bisa yawan mutane, ko kowane gida ya sa mitar ruwa a bututunsa. A buɗe asusun karo-karo na wata-wata tun famfo yana da lafiya, a sa littafi, kuma wanda ke riƙe da kuɗi kada ya zama shi ne mai riƙe da mabuɗi. A faɗi abin da za a yi wa wanda ya ƙi biya, a ba shi wa'adi, amma ban ga hikimar yanke wa iyalinsa ruwan sha ba, gara a hana shi na lambu da na gini, a bi shi bashi a gaban shaidu.

Kada a manta da bazara. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da kogin Mayo Kaliyawo na Marwa ya zama rairayi zalla kuma guga ke dawowa da laka, a nan ake gane ingancin yarjejeniya. A tsara tun damina cewa idan ruwa ya ja baya, na sha da girki ne kan gaba, sai na dabbobi, sai na lambu, a kuma raba lokaci, wannan gida da asuba, wancan bayan la'asar. A ƙara da cewa babu wanda zai zura injin ja a rijiyar guga sai da yardar sauran, domin inji ɗaya yana iya tsotse a cikin awa guda abin da ya kwana yana taruwa.

Sharaɗi na ƙarshe shi ne na fita. Rijiya ba ta tsaguwa gida biyu, don haka a faɗi yadda za a kimanta rabon wanda ya samu ruwan Camwater, kamfanin ruwan famfo na gwamnati, ko ya haƙa tasa yana son janyewa, da wanda ke da damar sayen rabon.

Kafin a sa diga

Masai shi ne babban abokin gabar rijiya. Ma'aikatan lafiya sukan ba da shawarar a bar tazarar mita 30 tsakanin ramin masai da wurin ɗibar ruwa, rijiyar kuma ta kasance ta sama ba ta gangare ba. A unguwa mai cunkoso wannan tazara tana fita daga gidanka ta shiga na maƙwabta, shi ya sa ya dace yarjejeniyar ta hana kowane ɓangare gina masai ko turken dabbobi ko kwatami kusa da rijiyar. Wanda ya ga annobar kwalara ta 2010 a Arewa Mai Nisa ba ya bukatar dogon bayani a kan wannan. A kai ruwan ɗakin gwaji kafin a fara sha, musamman a kwarin Mayo Tsanaga, inda aka san ruwan ƙasa da yawan sinadarin fuloraid mai rina haƙoran yara, alhali ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne miligiram 1.5 a kowace lita.

A yankin duwatsun Mandara, wajen Mokolo da Mora, ana iya huda dutse mai zurfi a tashi babu ruwa. Saboda haka takardarku da mai injin haƙa ta faɗi zurfin da za a kai, da kuɗin kowace mita, da wanda zai ɗauki asara idan ramin ya fito busasshe, ku kuma karɓi bayanin zurfi da ƙarfin ruwan a rubuce ku ajiye tare da yarjejeniyar. A ɗaga bakin rijiya, a yi mata murfi mai kulle, domin sashe na 1384 na kundin dokar mu'amala yana ɗora wa mutum alhakin ɓarnar da abin da ke ƙarƙashin kulawarsa ya jawo, kuma idan yaron maƙwabci ya faɗa, ba mai gida ɗaya za a tambaya ba in rijiyar ta tarayya ce. Ranar yasa kada a kunna injin fetur a cikin rami ko a bakinsa alhali mutum yana ƙasa, hayaƙin yana sauka ya kashe.

Idan meri, wato ofishin magajin gari, ko wata ƙungiya ce za ta haƙa wa jama'a foraj a filinka, kasancewar samar da rijiyoyi a wuraren da bututun gari bai kai ba yana hannun ƙananan hukumomi, to ka yanke gurbin da ka bayar, ka rubuta cewa ka sadaukar da shi, ka bar kwamitin unguwa ya tafiyar. Haka wanda ya gina rijiya domin sadaka mai gudana, yana koyi da Sayyidina Usman da ya sayi rijiyar Ruma ya bar wa jama'ar Madina, ya rubuta wakafin a gaban limami da magadansa, domin 'ya'ya ba su cika tuna niyyar uba ba idan filin ya yi tsada.

Mai gona a bakin kogi ko tafki yana da ƙarin abin lura. Koguna da tafkuna mallakar jama'a ne a ƙarƙashin dokar 74-2 ta 1974, kuma a bakin kogin da jirgi ke iya bi, irin su Binuwai da Logon, akwai mita 25 daga iyakar cikar ruwa da ba ta shiga mallakar kowa. Kada ka shinge mashaya ko ka toshe burtali da sunan gonarka ce. Rikicin Disamban 2021, wanda ya tashi a yankin Logon Birni tsakanin makiyaya da masunta da manoma a kan ruwa, ya kai har Kuseri, ya kori dubban mutane zuwa Cadi. Saɓanin manomi da makiyayi yana da kwamitinsa a ƙarƙashin sufurefe, wato shugaban gunduma da gwamnati ke naɗawa, bisa dokar 78/263 ta 1978, can za a kai shi. Masu gida a ƙetaren Logon kuwa su sani cewa Cadi tana da nata kundin ruwa na ranar 18 ga Agusta 1999, wanda shi ma ya ɗauki ruwa dukiyar al'umma, da nata dokokin filaye na 1967, don haka su bi ofisoshin can.

Idan rigima ta riga ta tashi

Zo mu zauna, zo mu saɓa. Idan an toshe maka hanya, kada ka ɗauki guduma ka fasa katanga, kada ka yanke bututu ko ka ɓalle kwaɗo, domin mai gaskiya yana iya wayar gari shi ne ake tuhuma. Ka ɗauki hoto, ka kira dattawa biyu su gani, in akwai hali ka ɗauko wisiye, ma'aikacin shari'ar da ke rubuta abin da ya gani da idonsa. Daga nan ka fara da jauro ko lawan, in ta ƙi a je fadar lamido, domin dokar 1977 da ta tsara sarautun gargajiya ta ba sarakuna hurumin sulhu. Duk abin da aka daidaita a kai, a rubuta shi a wurin kafin a shafa fatiha, kowa ya tafi da kwafinsa. Kotu tana nan ga wanda sulhu ya gagara, kuma ita za ta fara da tambayar takarda.

Mai shirin sayen gida mai rijiya kuwa, kada ya tsaya ga abin da dillali ya faɗa masa. Ya nemi takardar bayanin titir daga ofishin rajistar filaye ya ga ko akwai nauyin da aka shigar, ya tambayi lawan ko an taɓa zama a kan rijiyar, ya zagaya katanga yana duba bututun da ya fita ko ƙofar da aka toshe da sabon bulo. Sannan ya zo unguwar bayan sallar asuba, kwana biyu a jere, ya zauna nesa kaɗan ya ƙirga mata da yaran da ke shiga gidan da bokiti, ya tambayi kowannensu daga wane gida yake.